Sunan da ke Jikin Kwalba

"Jumu'a bayan La'asar," in ji Baffa Atiku. "Suna guda nake son ji, Halima. Wanda kika faɗa, shi zan ce ya turo magabatansa."

Tun ranar Litinin ya faɗi haka, ya zura takalmansa ya yi masallaci. Baffa shi ya riƙe Halima tun rasuwar mahaifinta. Mutum ne da ba ya tilasta wa yaro, amma kuma ba ya maimaita magana. Ƙanwarsa Gwaggo Larai kuwa, maimaita magana ita ce sana'arta.

Ranar Laraba da hantsi ta shigo ɗakin Halima ba sallama, ta kwaso kwalabe biyu daga gaban madubi ta dire su a kan tabarma.

"Dubi nan, ɗiyata. Wanga na Muzzammil ne, daga Abuja, da kwalinai da komi. Turaren Faransa na ainihi, wanda matan manya ka sawa. Wanga kuma mi ne ne? Maganin ciwon ido?"

"Turare ne, Gwaggo."

"Kwafi ne! Jabu! Namijin da ya fara miki da kwafi tun a waje, mi kike jira a cikin gida?"

Halima ta ɗauke 'yar ƙaramar kwalbar ta damƙe a hannunta. Ita ta san yadda aka yi kwalbar nan ta zo, kuma laifin bakinta ne. Wata guda da ya wuce Muzzammil, ɗan aminin mijin Gwaggo, ya aiko da turarensa mai tsada. Da Abdulhakeem ya zo zance, bakin Halima ya suɓuce ta ce gaskiya ƙamshin da daɗi, kamar an shiga lambun fure. Shi ne saurayinta, bawan Allah. Malamin firamare ne a Wurogauri, kuɗin kwalbar nan ya fi albashinsa. Ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya tafi.

Bayan sati uku ya dawo da 'yar kwalbar mai, ya ajiye mata a gefen dakali.

"Ba na Faransa ba ne," ya ce. "Amma naki ne ke kaɗai, Mai sunan Inna."

Haka yake kiranta. Mahaifiyarsa marigayiya Halima ce, kuma shi Bafulatanin Gwandu ne na sosai, bai taɓa furta sunan nan da bakinsa ba. Shekara biyu suna tare, Halima tana jin daɗin kiran har cikin ranta. Duk 'yan matan unguwa ana kiransu da sunayensu, ita kaɗai ake yi wa kara.

Gwaggo tana cikin faɗanta aka yi sallama a tsakar gida. Amatullahi ce, ɗiyar Gwaggon, ta dawo daga jami'a a Kalgo. Ta faɗo ɗakin da murna ta rungume Halima.

Nan Halima ta sandare.

Wardi ne, da ɗan yasmin a ƙarƙashinsa, da wani sanyi-sanyi da ke biyo baya. Hancinta ba zai taɓa ɓata ƙamshin nan ba, da shi take kwana da shi take tashi. Yana nan a wuyan Amatullahi, yana nan a mayafinta, har ya kama jikin mayafin irin kamun da ba na yau ba.

"Ina kika samu turaren nan?"

"Wanne? Oho, wannan? A Kalgo mana. Shagon Anti Gift, bakin hanyar jami'a." Amatullahi ta juya tana kwance ɗankwali, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Da ta fita alwala, Halima ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, ta buɗe jakar mutum. Kwalabe uku ta gani a aljihun ciki, biyu na feshi, ɗaya ta mai irin tata sak. Kowace an manna mata farar takarda an rubuta da biro: Amatullahi, Malam A.

Ta dubi tata kwalbar. Akwai tabon gam a jikinta, wurin da aka ɓare takarda.

Ranar nan ko tuwo ba ta iya haɗiya ba. Kishi, jama'a, ba ya jiran hujja, balle a ba shi hujja har uku a rubuce.

Washegari ta ce wa Baffa za ta Birnin Kebbi wurin tela. Ta je Birnin Kebbin kam, amma ko kallon layin teloli ba ta yi ba, ta sauya mota sai Kalgo.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai hoto da mai sayar da katin waya. Anti Gift 'yar Zuru ce, kakkaura mai fara'a, irin matan da in ka tambaye su kwatance sai sun ba ka labarin garin gaba ɗaya.

"Shigo, ƙanwata, shigo. Wane iri kike so?"

Halima ta kwatanta mata kwalbar Muzzammil.

"Ai na gane! Wanda 'yan jami'a suke cewa Farin Fure. Na ainihin ba ni da shi, wa zai saya a Kalgo? Amma ina da kwafinsa kala uku. Kawo hannunki. Turare ba a saye da ido."

Ta fesa na farko a wuyan hannunta na dama.

"Wannan ɗan Dubai ne. Kwalinsa ya fi kowanne kyau, in kika ajiye a gaban madubi baƙi za su rantse na ainihi ne. Shaƙa. Kin ji yadda ya bugi hanci? Minti goma na farko ko mai kamfanin ba zai bambance ba. Amma ki hau mota daga nan zuwa Birnin Kebbi, kafin ki sauka ya riga ki sauka."

Ta fesa na biyu a hagu.

"Wannan daga Legas. Ya fi zaƙi, kamar alewa, yara 'yan aji ɗaya suna rububinsa. Yana daɗewa, ba laifi. Matsalarsa zufa. In rana ta yi ya haɗu da gumi sai ya juya ya yi tsami, kuma kar ki kuskura ki fesa wa farin mayafi, zai bar miki rawaya."

Sannan ta jawo wata doguwar kwalba daga ƙarƙashin kanta, ta tsoma ɗan tsinke ta ɗiga mata a gwiwar hannu.

"Wannan kuma na mai ne, ni nake haɗawa da hannuna. Yanzu ba za ki ji komai ba, shiru-shiru ne. Ki ba shi lokaci. In jiki ya ɗuma sai wardin ya buɗe, yasmin ya biyo. Ba ya kama da na ainihin kamar ɗan Dubai, gaskiya ɗaya ce, amma ko kin wanke mayafi yana nan."

Halima ba ta buƙatar lokaci. Idonta har ya fara yaji.

"Ana sayensa sosai?" ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Wannan haɗin? Mutum ɗaya na yi wa. Wani malamin makaranta, kai, mutumin nan ya ba ni wahala! Asabar uku yana zuwa da amaryarsa. Shi bai taɓa jin ƙamshin na ainihin ba, ita ce ta sani. Sai in shafa mata kala ukun nan, su zauna a bencin can su jira awa guda, ta miƙa masa bakin mayafi ya shaƙa, ya ce a ƙara wardi, a rage zaƙi. Na ce kai, irin wannan so ko a fim."

"Amaryarsa," in ji Halima.

"Eh mana. Wata doguwa, 'yar jami'a. Da na gama na ce Malam, wane suna zan rubuta a kwalba? Wallahi sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya kasa. Na sake tambaya, ya kasa. Kunyar Fulani! Sai ita ta yi dariya ta ce, Anti, rubuta Amatullahi. Na rubuta. Har na ba ta kyautar ɗaya-ɗaya na kowanne, na ce na amarya ne. Ke, lafiya? Ƙanwata, turaren ne ya hau miki kai?"

Halima ta zauna a bencin, wancan bencin dai, ta ciro waya ta kira Abdulhakeem.

"Ina shagon Anti Gift," ta ce da ya ɗauka. "In an tashi makaranta ka zo."

Bai jira an tashi ba. Kafin azahar babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar shagon, hannun rigarsa duk alli. Anti Gift ta dube shi, ta dubi Halima, ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!" Ta shige can cikin shago ta kama goge kwalaben da ba su yi ƙura ba.

Suka tsaya a inuwar dogon yaro a bayan shagon.

"Mai sunan Inna, mi ya kawo ki Kalgo? Baffa ya sani?"

"Nawa ne ni kaɗai, ko?"

Ya kawar da kai.

"Na ce nawa ne ni kaɗai? Jiya na shaƙe shi a wuyan wata. A gidanmu. A ɗakina!"

"Ki tsaya ki ji. Ni ban san ƙamshin wancan turaren ba, ban da inda zan gan shi. Ba ni da ƙanwa, ba ni da ya, kin sani. Amatullahi ta san shi, kuma tana nan Kalgo. Na roƙi Amatullahi ta taimake ni, don in ba ki mamaki. Wallahi iyakarta ke nan."

"Asabar uku."

"Haɗin ne bai yi daidai ba."

"Asabar uku kana shaƙar mayafinta, Malam! Ni shekara biyu, ko gefen tabarmata ba ka taɓa matsowa ba. Ina can Gwandu ina faɗa da Gwaggo a kanka, ana ce mini mai son ɗan kwafi, ina cewa na ji na gani. Ashe kana nan kana cewa a ƙara wardi."

Hawayen da take riƙewa tun jiya suka ɓalle. Ta sa bayan hannu za ta share, ɗan Legas ɗin da ke wuyan hannunta ya riga ya yi tsami, ta yarfe hannun da haushi.

"Don Allah ki daina kuka, mutane na kallo. Amatullahi 'yar'uwarki ce. Da na san Amatullahi za ta karɓi nata, da ban yarda ba. Ban ma ga lokacin da anka ba ta ba."

"Da aka rubuta sunanta fa? Nan ma ba ka gani ba?"

"Na gani. Na ɓare takardar kafin in kawo miki."

"Ka ɓare! Ba ka ce a gyara ba. Ba ka ce, Anti, ba ita ba ce. Ka bar matar nan tana yi wa wata kirarin amarya a gabanka, kana murmushi."

"Mi zan ce mata? In na ce ba ita ba ce, za ta ce to wa ce ce. Kin san ba ni iya..."

"Sau nawa ka ce Amatullahi tun da ka tsaya nan?"

Ya dube ta bai gane ba.

"Sau huɗu. Ina ƙirgawa. Yana fita daga bakinka sumul, ko tuntuɓe ba ya yi. Ni fa? Shekara biyu ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinka ba. Da ina jin daɗi, wallahi ina jin daɗi, na ɗauka girma ne. Yau na ga amfaninsa. Duk inda aka tambaye ka wa kake so, sai ka sunkuyar da kai, wadda ke kusa ta miƙa nata."

"Haba, Mai sunan..."

"Kar ka ƙara! Faɗi sunana."

"Subhanallahi."

"Sau ɗaya. Ba kowa a nan, daga ni sai kai sai itacen nan. Faɗi."

Ya buɗe baki, ya rufe. Zufa ta tsattsafo masa a goshi. Namiji mai shekara talatin, mai tsawata wa yara sittin a aji, ya tsaya yana murza makullin babur kamar wanda aka kama da satar gyaɗa. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Inna ce ta haife ni," ya ce a hankali. "Ko a kabarinta ban faɗa ba. Ki nemi wani abu, ko mi ne ne."

"Ba ni son wani abu."

Ta gyara mayafinta.

"Gobe bayan La'asar Baffa zai tambaye ni suna. Ka je ka yi ta addu'a."

Ya biyo ta har tasha yana magana, ba ta waiwaya ba. A mota ta haɗa kai da gwiwa. Ɗan Dubai ya tafi tun kafin Birnin Kebbi kamar yadda aka faɗa. Na man kuwa sai lokacin ya buɗe sosai, ya raka ta har Gwandu tana kuka tana jin haushin daɗinsa.

Ranar Jumu'a da safe ta tarar da Amatullahi a bayan ɗaki tana shanya. Ba ta yi wani kewaye-kewaye ba.

"Mi ya sa kika ce a rubuta sunanki?"

Amatullahi ta matse zanen da ke hannunta, ta yarfa shi a igiya, sannan ta juyo. Wannan karon ba ta kawar da ido ba.

"An tambayi suna, mai shi ya ƙi faɗa. Ni na faɗi nawa. Laifi ne?"

"Kin san na wa ne."

"Na sani. Na kuma san kina da Muzzammil, ga mota ga Abuja. Ke komai biyu-biyu yake zo miki, Halima. Mutumin da zai yi Asabar uku a kan benci saboda ƙamshi ɗaya, kin san irinsu nawa ne a duniya? Ke ba ki ga fuskarshi ba lokacin da haɗin ya yi daidai. Ni na gani." Muryarta ta ɗan karye, ta dake. "Bai taɓa kallona ba, in wannan kike son ji. Amma in kin sake shi, ba zai kai wata guda a ƙasa ba."

Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

To, ga La'asar ta yi. Baffa Atiku ya dawo masallaci ya zauna a kan buzunsa a zaure na ciki, carbi a hannu. Gwaggo Larai ta riga kowa zama, ta ci ado kamar ranar suna. Halima ta shigo ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta gefen ido tana hango ƙafafun Amatullahi a bayan labule.

"To, Halima," in ji Baffa. "Na ba ki kwana huɗu. Wa zan ce ya turo?"

Tun a daren jiya ta shirya amsarta kala-kala. Wani lokaci ta ce za ta faɗi Muzzammil don Malam ya ji yadda ta ji, wani lokaci ta fasa. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne wannan: Baffa a gabanta, da furfurarsa, da idonsa irin na mahaifinta, yana jira ta buɗe baki ta ambaci sunan namiji. Ita da ko a gaban ƙawaye Malam take cewa. Harshenta ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Kanta ya sunkuya da kansa.

"Kunya ta ka ji, Yaya," Gwaggo ta yi caraf. "Ɗiyar Fulani ce, ina za ta iya? Ni ta gaya wa. Muzzammil ne."

Gaban Halima ya faɗi.

"Haka ne, Halima?" Baffa ya tambaya.

Shiru.

"Ba ni son in matsa miki. In kika yi shiru, na ɗauka maganar gwaggonki ce maganarki, in tashi in aika gidan su yaron yanzu."

Ya fara tattara carbinsa. Ya dafa ƙasa zai miƙe.

Ba wai ta huce ba ne, kar ku ɗauka ta huce. Har yanzu in ta tuna bencin nan sai ta ji kamar ta ƙone shi. Amma ƙafafun da ke bayan labule sun matso taku ɗaya, kuma Halima ta ga abin da zai biyo baya tiryan-tiryan: ita a Abuja, wata kuma a bayan babur ɗin nan, hanyar Wurogauri, ana kiranta da sunanta safe da yamma.

Wani abu ya taso mata tun daga cikin ciki, ya ture kunyar, ya ture dutsen.

"Abdulhakeem!"

Ba ta san da ƙarfi haka zai fito ba. Kajin da ke tsakar gida suka watse. Gwaggo ta saki salati tana tafa hannu, "La'ilaha illallahu! A gaban Yaya? Da bakinki? Wagga ɗiya ta gama lalacewa!"

Halima ta kife fuska a cinya, amma ta ƙara, cikin kuka, yadda na bayan labule za su ji da kyau.

"Abdulhakeem nake so, Baffa. Ba Gwaggo na gaya wa ba. Ban gaya wa kowa ba."

Labulen ya motsa. Aka ji takun gudu zuwa ɗaki, aka ji ƙofa ta bugu.

Baffa ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon ƙanwarsa, har Gwaggo ta rasa inda za ta sa idonta. Sannan ya juyo ga Halima, gemunsa yana ɗan motsi kamar mai danne dariya.

"Na ji," ya ce. "Har maƙwabta sun ji. Tashi ki wanke fuskarki, ki ce mishi ya turo ranar Lahadi."